Shekarata ta farko a sashen kiɗa: kunnena yana ji, idona ya kasa karantawa

Nazifi:
Assalamu alaikum. Na daɗe a wannan zaure ina karanta abin da manya ke faɗa ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya cika min ciki, sai na fitar.

Ina shekarar farko a sashen nazarin kiɗa na jami'a. Mun gama zangon farko, sakamako ya fito makon jiya. Tun ina ɗan shekara 12 nake taɓa kibod, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya koya min. In na ji waƙa sau biyu zan zauna in fitar da ita har da kod ɗin da ke ƙarƙashinta, wato sautukan da ake dannawa tare a raka waƙar. Shekara 3 ina yi wa mawaƙa aiki a sutudiyo kafin in samu gurbin karatu. Gaskiya na shiga da tunanin cewa ni ne zan riƙa jan 'yan ajinmu.

Ga abin da na tarar. Akwai darasin da malami zai buga gajeren kiɗa a piyano sau 4, ya ce mu rubuta shi a kan layukan nan biyar na rubutun kiɗa. Tun bugu na farko na gama jin komai, da za a ba ni piyanon da na maimaita masa shi daidai. Amma in na ɗauki fensir sai kaina ya tsaya cik. Akwai kuma wanda za a miƙo maka takarda da kiɗan da ba ka taɓa ji ba, a ce ka rera shi da bakinka a gaban kowa. Wannan na faɗi shi warwas. Yaran da ko kusa ba su kai ni hannu ba suna rerawa kamar suna karanta wasiƙa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne darasin piyano. Duk shekarun nan ashe ki ɗaya tak hannuna ya sani, wato jerin sautukan da ake gina waƙa a kansu. In mawaƙi ya ce a ɗaga ko a sauke, sai in danna maɓallin sauya ki na jikin kibod in ci gaba da buga abin da na saba. Piyanon makaranta na katako ne, ba shi da wannan maɓallin. Ranar da malamar ta ce in buga matakalar E filat da hannu biyu, sai ga ni ina laluben baƙaƙen maɓallai kamar yau na fara ganinsu.

Saboda in cimma sauran, na koma yin awa 6 zuwa 7 a ɗakin gwaji kullum. Yanzu wuyan hannuna na dama yana min zafi, wani lokaci ƙaramin yatsa ya yi sanyi kamar ba nawa ba. Kuma tun da na shiga makarantar ban haɗa ko waƙa ɗaya tawa ba. In na zauna sai in ji muryar malami tana cewa wannan ba daidai ba ne.

Don Allah ku faɗa min gaskiya. In ci gaba, ko in koma sutudiyo tun kafin abin da Allah Ya ba ni ya tsere?

Ɗanlami Mai Sutudiyo:
Ƙanena, ka riga ka ba kanka amsa. Mutumin da ke haɗa waƙa ya shiga makaranta ya daina haɗawa, me kuma ake jira? Na ga irinku da yawa. Suna fitowa da takardar shaida, amma in ka ɗauke musu takardar kiɗa daga gabansu ba sa iya raka mawaƙi ko na minti ɗaya. Miles Davis, makaɗin jaz na Amurka, ya shiga makarantar kiɗa ta Juilliard a 1944, bai gama ba ya fita ya bi Charlie Parker suna kiɗa a gidajen rawa, kuma a nan ya zama abin da ya zama. Kai da ke da kunne, takarda ba ta da abin da za ta ƙara maka.

Rukayya:
Nazifi, ni ina shekara ta uku a irin karatun da kake yi, sarewar ƙarfe nake busawa. Kafin in ce komai ina da tambaya: lokacin da malami ya buga kiɗan nan, ta yaya kake jin sa a kanka? Kana ganin yatsunka a kan maɓallai ne, ko kana jin sunayen sautukan?

Nazifi:
Yatsuna nake gani, Yaya Rukayya. Har motsi suke a kan cinyata. Suna kuwa babu ko ɗaya da ke zuwa min.

Rukayya:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Ba kunnenka ne ya faɗi jarrabawa ba. Hanyar da ke tsakanin kunnenka da yatsunka a share take, shekara da shekaru kana bin ta. Wadda ke tsakanin kunne da suna, da wadda ke tsakanin suna da takarda, su ne ba a taɓa bi ba. Ni akasin naka na shigo da shi: ina karanta takarda tun ina sakandare, amma in aka ce in busa waƙar da kowa ya sani ba tare da takarda ba sai in daskare. Na yi kuka a zangon farko ba sau ɗaya ba. Kowa a ajin nan naku yana da ɓangaren da yake ɓoyewa, naka ne kawai ya faɗo a darasin da ake yi a bainar jama'a.

Malam Sabi'u:
Wa alaikumus salam, Nazifi. Shekara 19 ke nan ina koyar da kiɗa, kuma kowace shekara sai na haɗu da yaro irinka. Bari in ɗan tsawaita, a yi min haƙuri.

Da farko ka san dalilin da ya sa aka ƙirƙiro rubutun nan da ke ba ka wahala. Wani malamin coci ne a Italiya, Gido na garin Arezo, wajen shekarar 1025, ya gaji da yadda mawaƙa ke shafe shekaru suna haddace waƙoƙi baki da baki. Sai ya tsara layuka a jere, kowane layi da kowane fili tsakaninsu yana wakiltar sauti ɗaya, ya kuma ba sautukan sunaye: ut, re, mi, fa, sol, la. Daga baya ne ut ya koma do. Shi da kansa ya rubuta cewa abin da ke cin shekara 10 ya dawo shekara 1 ko 2. Wato tun asali an yi rubutun ne domin masu rerawa da kunne, don a sauƙaƙa musu. Ba a yi shi don ya kori kunne ba. Mu kan ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'ar ido ɗan aiken kunne ne. Wanda ya iya karatun da gaske, in ya kalli takarda yana jin kiɗan a kansa kafin a buga.

Na biyu, maɓallin sauya ki da kake jin kunyarsa ya cuce ka ta gefe ɗaya, ya amfane ka ta wani gefen. Cutar ita ce hannunka ya san ki 1 cikin 12. Wannan aikin yatsu ne, in kana ɗaukar ki ɗaya a mako, kafin ƙarshen zango na biyu ka zagaye su. Amfanin kuwa, da yake kullum a ki ɗaya kake bugawa, kunnenka ya saba da matsayin kowane sauti a cikin gidansa. Ka san wanda ake sauka a kansa a huta, ka san wanda ke jan ka zuwa gida, ka san kod na ɗaya da na huɗu da na biyar ko cikin barci. Wannan shi ne ainihin abin da darasin ke son koya wa sauran, kai kuma kana da shi, suna ne kawai babu.

Akwai hanya biyu ta amfani da do re mi. A Faransa da Italiya do kullum C ne, ba ya motsi. A tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, da wanda Kodály ya kafa a makarantun Hangari, do shi ne sautin gida na kowane ki, yana tafiya tare da kai. Ka tambayi malaminka wanne yake bi, amma don aikinka na kanka ka riƙe na biyun. Ga yadda za ka yi: ɗauki waƙar da ka sani sarai, buga ta a ki ɗin da ka saba, kana bugawa kana kiran sunan kowane sauti da baki. Sannan ka ɗauke hannu ka rera da sunayen kawai. Sannan ka rubuta. Minti 15 da safe, 15 da yamma. Kada ka fara da kiɗan da ba ka sani ba.

Ɗanlami Mai Sutudiyo:
Malam, da girmanka, amma akwai abin da ba ka taɓo ba. Layukan nan biyar an yi su ne don kiɗan Turawa. Piyano ya raba tazara daga do zuwa do na sama gida 12, shi ke nan. Ka taɓa ƙoƙarin bin mai goge da kibod? Akwai sautukan da yake fitarwa da ke faɗawa tsakanin farin maɓalli da baƙi, babu inda za ka danna ka same su. Kalangu kuma magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshe. A wane layi za a rubuta wannan? Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki yaro mai kunne a koya masa cewa duk abin da bai shiga layi biyar ba kuskure ne.

Baba Isuhu:
Ɗana ne ke rubuta min wannan, ni ina faɗa. Goge nake yi tun ina saurayi. Abin da Ɗanlami ya faɗa gaskiya ne, in yaran nan suka bi ni da kibod sai in ji kamar an sa min takalmin da bai kai ƙafata ba. Amma ina so in faɗa wa yaron nan wani abu. Maigidana da ya koya min yana da take sun fi ƙarfin ƙirga. Da ya rasu, abin da na riƙe shi ne abin da ya rage, kuma na san ban riƙe rabi ba. Akwai wani da nake jin farkonsa a kaina har yau, ƙarshen ya ɓace min, kuma babu mai rai da zan tambaya. Da a ce ɗaya daga cikinmu ya iya rubutawa, ko da rubutun bai kama komai ba, da ya kama min hanyar. Ɗana, kada ka bar karatun. Ka koya, ka zo ka zauna da irinmu tun muna nan.

Rukayya:
Allah Ya ƙara lafiya, Baba. Wannan maganar ta taɓa ni.

Malam Sabi'u:
Allah Ya ja kwana, Baba. Ɗanlami, a wannan gaɓar ina tare da kai, kuma lissafi ma yana bayanka. Masana suna raba kowane rabin mataki na piyano (daga maɓalli zuwa na kusa da shi) kashi 100, wato daga do zuwa do kashi 1200. Tazarar do zuwa mi a piyano kashi 400 ce. Amma in mawaƙa biyu masu kunne suka rera do da mi babu kayan kiɗa, suka daidaita har amon ya kwanta, abin da suke rerawa kusan kashi 386 ne. Ashe piyanon kansa sulhu ne aka yi, an ɗan taɓa kowace tazara don a iya buga ki 12 a kan kaya ɗaya. Takalmin da Baba ya ce yana matse shi, da gaske yana matsewa.

Sai dai masu rubutun ba su jahilci wannan ba. Béla Bartók, mai tsara kiɗa, ya fara zagaya ƙauyukan Hangari a 1906 da na'urar naɗar murya, ya je har Biskra a Aljeriya a 1913. Da ya zo rubuta abin da ya naɗa ya ga layukan ba su isa ba, sai ya riƙa sa ƙananan kibau a kan sautin da ya ɗan haura ko ya ɗan gaza na piyano. Larabawa suna da alamominsu na rubu'in mataki, kuma batun yadda za a auna matakalarsu yana cikin abin da aka yi ta gardama a kansa a babban taron kiɗan Larabawa na Alkahira a 1932. Kwabena Nketia na Gana, wanda ya rasu a 2019, ya shafe rayuwarsa yana rubutu a kan kiɗan Afirka da ganguna masu magana. Duk waɗannan sai da suka ƙware a layi biyar ɗin kafin suka san inda ya gaza. Malamin da ya ce wa ɗalibi abin da bai shiga layi ba kuskure ne, malamin ne ya gaza, kuma ba na musun akwai irinsu.

Game da Miles Davis, gaskiya ne ya fita. To Fela Kuti ya tafi Landan a 1958 ya yi karatu a kwalejin kiɗa ta Trinity, ya dawo ya tsara wa masu busa da yawa abin da kowa zai busa, kuma babu wanda zai ce makaranta ta kashe masa salo. Quincy Jones yana da suna a jaz ya tafi Faris a 1957 ya zauna gaban Nadia Boulanger yana koyon tsarin haɗa muryoyi. Misalai suna nan ta kowane ɓangare, shi ya sa ba sa yanke hukunci.

Dakta Maimuna:
Ku yi haƙuri in katse muku, kowa ya tafi kan takarda an bar hannun yaron. Ni aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne, kuma abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonsa shi ne yatsan da ke yin sanyi. Nazifi, wannan alama ce ta jijiya da ake matsa wa, sau da yawa a gwiwar hannu ko a wuyan hannu. Ba abin da za a daure ba ne. Ka je a duba ka a wannan makon, kuma kafin nan ka rage bugun sosai.

Ka tashi daga kibod mai laushin maɓalli ka koma piyano mai nauyi, sannan ka ninka awanninka lokaci ɗaya. Dole jiki ya yi ƙara. Robert Schumann ya so zama gwanin piyano, hannunsa na dama ya lalace yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, dole ya haƙura ya koma tsara kiɗa. Leon Fleisher na Amurka yana tsakiyar tashensa a 1964 yatsu biyu na hannun damansa suka fara naɗewa, ya yi shekaru da dama yana kiɗa da hagu kawai. Ba don in tsorata ka na kawo su ba, don ka san cewa wannan ciwon ba ya duba baiwa.

Ka duba tsayin kujerarka, damtsenka ya zama a miƙe daidai da maɓallai, wuyan hannu kada ya karye sama ko ƙasa. Bayan kowane minti 25 ko 30 ka tashi ka sassauta. Sannan kunne: ƙa'idar da ake bi a wuraren aiki ita ce ƙara mai ƙarfin desibel 85 awa 8 ne iyakarta a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In ta kai 100 minti 15 ne kawai. Ƙaramin ɗakin gwaji da mai ganga ko mai kakakin ƙarfe a ciki yana iya kai wa can. Ka nemi abin toshe kunne na makaɗa.

Rukayya:
In ƙara a kan maganar Dakta. Awa 7 ɗin nan ma ba ta ba ka abin da kake tsammani. A binciken da Anders Ericsson da abokansa suka wallafa a 1993 a kan ɗaliban goge na Turawa a Balin, waɗanda suka fi ƙwarewa kusan awa 3 da rabi suke yi su kaɗai a rana, kuma a rarrabe, da hutu a tsakani. Abin da na koya da wahala shi ne in shiga ɗaki da abu ɗaya da nake so in gyara. Gaɓa 4 kawai, wato ƙananan yankunan da ake raba kiɗa a takarda, a hankali ƙwarai, da metironom, na'urar da ke ƙirga bugu. In ta fita sau 5 a jere ba kuskure sai in ƙara sauri kaɗan. Da can daga farko nake farawa kullum in buga har inda na saba tuntuɓe, in sake komowa farko. Ashe tuntuɓen nake ta haddacewa.

Nazifi:
Na gode ƙwarai, Dakta, gobe in sha Allahu zan je asibitin makaranta. Baba, maganarka ta hana ni barci jiya.

Akwai sauran abu ɗaya da ban faɗa ba, shi ne ya fi kashe min gwiwa wajen haɗa waƙa. A darasin haɗa muryoyi huɗu, duk aikin da na kai sai ya dawo da jan biro. Wai muryoyi biyu sun yi tafiya tare da tazarar biyar a tsakaninsu, kamar do da sol, kuma haramun ne. Amma wallahi abin da nake bugawa ke nan a sutudiyo kullum da hannun hagu, kuma yana da daɗi. In abin da kunnena ke so laifi ne, to me na sani ke nan?

Malam Sabi'u:
Ba laifi ba ne, kuma ya kamata a ce an yi muku wannan bayanin tun ranar farko. Dokar tana da gida. Salon da ake koya muku shi ne na waƙoƙin coci masu murya huɗu irin na Bach, akwai tarin guda 371 da ɗalibai ke nazari har yau, da kuma ƙa'idojin littafin da Fux ya fitar a 1725, wanda Haydn da Mozart da Beethoven duk suka yi karatu da shi. Burin wannan salon shi ne kowace murya cikin huɗun ta kasance da hanyarta, mai sauraro ya iya bin ta shi kaɗai. Sautuka biyu masu tazarar biyar suna narkewa cikin juna sosai, saboda rawar ɗaya sau 3 ce a duk sau 2 na ɗayan. In suka yi tafiya tare sai kunne ya ji su kamar murya ɗaya mai kauri, huɗu ta koma uku. A wancan salon asara ce. A sutudiyo kuwa kaurin nan shi kake nema, shi ya sa yake maka daɗi. Debussy, mai tsara kiɗa na Faransa, ya san dokar sarai ya riƙa jera irin wannan tazarar da gangan.

Saboda haka in ka zauna aikin aji, ka ɗauka kana koyon nahawun wani harshe ne. In ka zauna haɗa taka waƙar, harshenka kake yi. Ka ware awa ɗaya a mako wadda babu biron kowa a cikinta.

Hajiya Binta:
Ni uwa ce, 'yata tana son wannan karatun, shi ya sa nake bin muhawarar. Malam, me ya kamata ta fara tun yanzu kafin ta shiga?

Malam Sabi'u:
Hajiya, ta koyi karanta jerin layi biyar ɗin guda biyu, na sautukan sama da na ƙasa, ta riƙa rera do re mi daga takarda ko da minti 10 ne a rana, kuma ta ɗan saba da piyano ko da ba shi ne kayanta ba, domin kusan kowane sashen kiɗa yana tilasta shi. In tana kiɗa da kunne kada ta daina.

Ɗanlami Mai Sutudiyo:
Tunda Baba ya faɗi tasa, bari ni ma in faɗi tawa. Shekaru kaɗan da suka wuce an ba ni aikin da ke buƙatar masu busa 3 su shigo sutudiyo. Suka zo suka ce ina takardarsu. Na ce zan buga muku ku bi. Awa 2 muna abu ɗaya. Da na gaji na rubuta musu sunayen sautukan da haruffa, mai kakakin ya busa sai na ji ya sauka ƙasa da abin da nake bugawa. Na ɗauka kayansa ne ba su daidaita ba, har muka yi sa-in-sa. Ashe irin kakakinsa na B filat ne, in ya ga C ya busa, abin da ke fita ƙasa yake da mataki ɗaya cur, dole mai rubutu ya ɗaga masa. Babu wanda ya taɓa faɗa min. Aikin bai dawo hannuna ba.

Ban janye maganata duka ba. Har gobe ina ganin masu takardar shaida da ba sa iya raka mawaƙi, kuma wannan abin kunya ne ga masu koyar da su. Nazifi, in za ka zauna ka zauna, amma duk hutu ka koma sutudiyo ka yi aiki da mawaƙin da bai san do ba bai san re ba. In ka ga ka fara kasa bin sa, ka san an fara cin ka.

Rukayya:
Yaya Ɗanlami, wannan sharaɗin ni ma na karɓe shi. Ni ce mai takardar da kake magana a kai, kuma har yanzu ina gyara.

Nazifi:
Assalamu alaikum, na dawo bayan mako 3 in ba ku labari. An duba hannun, an ce jijiyar gwiwar hannu ce nake dannewa saboda kujerar ta yi ƙasa kuma ina kwana da hannun a naɗe. An ba ni motsa jiki, na koma awa 2 da rabi a rarrabe. Sanyin yatsan ya ragu, bai tafi duka ba.

Na je wurin malamin horar da kunne na faɗa masa gaskiyar maɓallin sauya ki. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya zaunar da ni a piyano ya buga abu ya ce in maimaita, ya ƙara tsawo, ya ƙara, ina bin sa. Ya ce daga yau in ya buga a aji in fara rubuta lambar matsayin sautin a gefen takarda, 1 zuwa 7, sannan in mayar kan layi. A gwajin jiya na samu fiye da rabi, karo na farko ke nan. Rerawa daga takarda har yanzu tana ba ni wuya, musamman in aka yi tsalle daga do zuwa la. Ki 3 hannuna ya ƙara.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Na ɗauki wata tsohuwar waƙata na rubuta gaɓa 8 na farkonta, dare biyu ina yi. Na ba wata 'yar ajinmu mai sarewa wadda ba ta taɓa jin waƙar ba. Ta ɗora takardar ta busa, sai ga waƙata tana fitowa daga bakin wani ban buɗe nawa ba. Na rasa abin cewa. Amma a gaɓa ta biyar ta kauce, kuma da muka duba ita ce ke da gaskiya, abin da na rubuta ta busa. A wurin hannun hagu yana bugu biyu, na dama yana uku a cikin lokaci guda. Na rubuta shi a ma'aunin huɗu bisa huɗu, sai ya fito a ƙage kamar mai ɗingishi. Malam, yaya ake rubuta wannan?

Malam Sabi'u:
Madalla. Ma'aunin ne bai dace ba. Ka sake rubuta shi a 12 bisa 8: kowace gaɓa tana da ƙananan bugu 12. Hannun hagu ka tara su uku-uku, ya ba ka manyan bugu 4. Na dama ka tara su biyu-biyu, ya ba ka 6. Kowane rabin gaɓa sai ka ga biyu a ƙasa, uku a sama, sun haɗu a bugun farko. Kafin ka rubuta ka tafa shi a cinya, hagu biyu dama uku, kana ƙirga 1 zuwa 6 da baki: hagu a 1 da 4, dama a 1 da 3 da 5. In ka gama ka sake ba ta ta busa ba tare da ka rera mata ba, sannan ka ɗauki hoton takardar ka turo nan in duba yadda ka haɗa sandunan alamomin sautin.

Baba Isuhu:
Ɗana ya karanta min. Nazifi, in ka iya wannan na biyu da ukun, akwai taken da na ce maka farkonsa kawai na riƙe. Haka yake tafiya shi ma. Zan sa a naɗa maka abin da ya rage a kaina a turo maka, ka gwada rubutawa.